'Yata tana ɗinka kayan jaruman katun, kuma an gayyace ta shirin talabijin: in bar ta?

Tambaya daga wata uwa a Unguwar Rimi, Kaduna: "'Yata ɗaliba ce, shekararta 19. Ta ɗauko wata harka ta ɗinka kayan jaruman katun ɗin Japan da na wasannin kwamfuta, ta sa, su yi hoto ita da ƙawayenta. Kosple suke ce wa abin. Na nemi wani shirin Turawa a kansa na kalla, ban ga komai ba sai gasa da faɗa da kuka da shigar da ba ta dace ba. Yanzu kuma wasu masu haɗa shirin rayuwar zahiri sun turo mata saƙo suna so ta fito. Abin da na gani shi ne gaskiyar harkar? In hana ta ne?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Tambaya biyu kika ƙulla wuri guda, kuma kowace da tata amsar. Ɗinkin da 'yarki take yi a ɗaki daban, shirin da ake kiranta ta fito a ciki daban. Sana'ata haɗa suturar 'yan wasa ce, na dandamali da na gaban kyamara, kuma aikin ya sha kai ni ɗakin da ake tace hotuna bayan an tashi daga lokeshan. Da wannan idon nake gaya miki: ɗinkin ki bar ta ta yi, har ki tallafa mata bisa wasu sharuɗɗa. Shirin kuwa, kada ta sa hannu a kowace takarda sai kun zauna tare kun bi ta layi-layi.

Zan fara da abin da kika kalla, tunda shi ya tayar miki da hankali.

Shirin da aka fi sani a kan wannan harka shi ne Heroes of Cosplay, wanda tashar Syfy ta Amurka ta fara nunawa a watan Agustan 2013, kuma ina kyautata zaton shi ko wani irinsa kika ci karo da shi. Ya riƙa bin wasu 'yan tsiraru, yawancinsu mata, ciki har da Yaya Han da ta yi suna a fagen, daga wannan taro zuwa wancan suna shiga gasa. Tun fitowarsa, waɗanda suka fi kowa kuka da shi su ne masu yin abin da kansu. Suka ce an mayar da abin sha'awarsu gasa zalla, alhali mafi yawan masu zuwa irin waɗannan taruka ko sunansu ba sa bayarwa a gasar, yawo suke yi cikin kayansu suna gaisawa da abokai. An nuna mutum na haɗa sabuwar shiga cikin 'yan kwanaki, yana kwana ido biyu a ɗakin otal da gam a hannu, kayan da aka saba ɗaukar watanni ana yi a tsanake. Akwai wani kashi da aka nuna ana hira a kan ƙiba da irin jikin da ya dace da wace shiga. Ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa, har wasu cikin waɗanda aka ji muryarsu suka fito daga baya suna cewa an datse musu magana. Wasu masu ɗaukar hoto ma sun koka cewa an sa hotunansu a shirin ba da izininsu ba.

Ba wai masu shirin suna da wata ƙullalliya da maɗinka ba ne. Tsarin sana'arsu ne ya kawo haka. Ɗinki ba ya da daɗin kallo. Yarinya ta zauna gaban keke tun hantsi har la'asar tana kalmasa, ta farke, ta sake, ba mai barin tashar a kunne, ita kuma tasha da talla take ci. Don haka sai an ƙirƙiro abin da zai riƙe mai kallo: lokacin da ke shirin ƙurewa, mutum guda da za a ji haushinsa, da hawaye. In waɗannan ba su zo da kansu ba, akwai hanyoyin jawo su.

Ki duba lissafin nan. Ɗaya daga cikin shirye-shiryen farko na wannan salo, An American Family, wanda tashar PBS ta nuna a 1973, an ɗauki kimanin awa 300 na rayuwar wani iyali, aka fitar da kashi 12 na awa ɗai-ɗai. Wato cikin kowace awa 25 da aka ɗauka, guda ɗaya mutane suka gani. Iyalin da kansu sun koka cewa ɓacin ransu aka fi zaɓa. Big Brother da aka faro a ƙasar Holan a 1999, ya iso Najeriya a 2006 (wanda ya lashe na farkon, Katung Aduwak, ɗan jihar Kaduna ne), ya dawo a 2017 da sunan Big Brother Naija, ana haska shi dare da rana kai-tsaye, amma mutum nawa ne ke zama su kalli masu barci da masu wanke-wanke? Abin da ke yawo a wayoyi shi ne minti biyun da aka ɗaga murya. An ce gani ya kori ji, to amma ganin da ake yi ta akwatin talabijin gani ne na abin da wani ya riga ya tsince miki.

Aikin yana somawa tun wajen tantance waɗanda za su fito. Ba gwanin allura kaɗai ake nema ba. Ana neman mai saurin fushi, da mai saurin kuka, da mai ji da kai, da salihar da za a tausaya wa, kuma ana haɗa su ne da sanin cewa za su yi karo. Sai a takura lokaci, a tsawaita ranar aiki, mutum ya gaji, ya ji yunwa, ga ƙaramar makirfo maƙale a wuyan rigarsa har ya manta da ita.

Sai kuma kujerar hira, wadda a ganina ita ce wuri mafi haɗari. Kin lura a irin waɗannan shirye-shirye ana yawan yankowa ga mutum shi kaɗai yana bayani kamar a lokacin abin ke faruwa? Yawanci bayan an gama ake ɗaukar wannan, wani lokaci da kwanaki. Ana umartarsa ya yi magana kamar yanzu ne, kuma ya maimaita tambayar cikin amsarsa, domin za a cire muryar mai tambaya. A ce an tambayi 'yarki, "Kina ganin wance ta saci zanenki?" Ita kuma da zuciya ɗaya ta amsa, "A'a, ni ban ce wance ta saci zanena ba." Mai tacewa ya cire farkon jimlar da "ba" ɗin ƙarshe, me ya rage? "Wance ta saci zanena," da muryarta, ba wanda ya ƙara mata harafi. Inda aka yi yankan kuma sai a rufe shi da hoton hannunta a kan keke ko fuskar ita wancen. Shi ya sa nake gaya wa mutane, duk lokacin da kuka ji kalma mai zafi a irin wannan shiri alhali kyamara ba ta kan bakin mai maganar, ku ajiye ayar tambaya.

Na taɓa ganin irin wannan da idona a wani shirin gasa da na yi wa aikin sutura. Wata yarinya tana tsakiyar guga janareta ya mutu, ta yi tsaki, ta dafe kai. Da shirin ya fita, sai ga tsakin nan da dafe kan an ajiye su daidai bayan an sanar da cewa abokiyar karawarta ce ta yi nasara, aka bi da kiɗa mai nauyi. A zahiri kuwa ita ce ta fara tashi ta rungume ta. Washegari gwaggwanninta suka yi ta kiran mahaifiyarta a waya, wai me ya sa 'yarku hassada haka a bainar jama'a. Yarinyar nan ta daɗe ba ta son fita unguwa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin na san irin tarbiyyar da ke gare ta.

Kuma ba masu kosple kaɗai ake yi wa haka ba. Duk wata sha'awa da mutane ke taruwa a kanta, kyamara wurin wanda ya fi zaƙewa take nufa. Ki aika mai ɗaukar hoto gidan kallon ƙwallo a Kawo ko Tudun Wada, mutum ɗari na zaune lafiya, wanda ya tuɓe riga yana birgima shi za a nuna. A Japan, a 1989, an kama wani da ya kashe ƙananan yara mata, kafofin labarai suka yi ta haska ɗakinsa cike da kaset-kaset na bidiyo, aka shafe shekaru ana yi wa duk mai son katun kallon marar lafiya saboda laifin mutum guda. Mu ma nan kin san irin kallon da aka yi wa 'yan mata masu karanta littattafan soyayya, alhali da yawansu a nan suka goge a karatun Hausa, wasu suka zama marubuta.

Sai dai kada in yi wa talabijin kuɗin goro. Akwai shirye-shiryen da suka girmama aikin hannu. Face Off, na masu ƙera fuskokin dodanni da kwalliyar fim, wanda ita dai Syfy ta nuna daga 2011 zuwa 2018, an san shi da nuna abokan gasa suna ajiye nasu aikin su taimaki wanda nasa ya cije. The Great British Sewing Bee da BBC ta faro a 2013 gasar ɗinki ce da ba zagi ba hayaniya, kuma mutane suna kallo. Ko a kan kosple ɗin, Cosplay Melee na 2017, inda mai nasara a kowane kashi ke samun dala 10,000, ya fi mayar da hankali ga ɗakin aiki. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki lura da inda kyamara ta fi daɗewa, a kan hannuwa ko a kan fuskoki.

Yanzu ita harkar kanta. Ta girmi talabijin ɗin da ke cikin gidajenmu. A 1939, a taron farko na duniya na masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya a birnin New York, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas suka halarta cikin shigar mutanen zamani mai zuwa, kuma ita Myrtle ce ta zana ta ɗinka kayan. Japanawa suka ɗauka suka faɗaɗa a tarukansu, musamman Comiket da aka faro a Tokyo a 1975, a can ne kuma sunan da 'yarki take kiran abin da shi ya fito a farkon shekarun 1980, daga alƙalamin wani marubuci, Nobuyuki Takahashi. Babban taron duniya, World Cosplay Summit, ana yin sa a birnin Nagoya na Japan tun 2003, gasarsa kuma ta soma a 2005, kowace ƙasa na tura mutum biyu, kuma sharaɗi ne su suka haɗa kayansu da hannunsu. Alƙalai a manyan gasanni sukan ɗaga gefen riga su duba cikin ɗinkin, kamar yadda kowace gwanar tela za ta yi. A Najeriya, Ayodele Elegba ya faro taron masu sha'awar katun mai suna Lagos Comic Con a Legas a 2012, a Afirka ta Kudu kuma aka soma Comic Con Africa a 2018.

Shiga kamannin wani don nishaɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Azumi na kaiwa goma yara ke fitowa tashe, an liƙa gemun auduga, an cusa tsumma a ciki ya zama tumbi, an ɗauko rawanin kaka da sandarsa. Matan gidan sarauta suna da wasan gauta, inda suke kwaikwayon sarki da fadawansa har da shigarsu. Ranar hawan Sallah a Zazzau ki dubi 'yan lifida da 'yan sulke, kayan yaƙin da aka daina yaƙi da su tun tuni, amma ake adana su, ake gyara su, ake sawa don a tuna. Ba na cewa duk abu ɗaya ne. Tashe na da lokacinsa, a unguwa ake yinsa gaban waɗanda suka san yaron, kuma da Sallah ta zo an gama. Na 'yarki jaruman na wasu ƙasashe ne, hoton kuma in ya hau intanet ya hau ke nan. Wannan bambancin shi ne ainihin wurin da ya kamata ki sa ido.

Kafin ki yanke hukunci, ki shiga ɗakinta wata rana tana aiki, ki zauna a bakin gado ki kalla. Ga irin abin da za ki gani in tana haɗa sulken ƙirji, misali. Za ta naɗe jikin wadda za ta sa da leda, ta bi da salatif har ya yi tauri, ta zana layuka da maka, ta yanke shi a hankali ta shimfiɗa gutsattsarin a kan kwali. Ta samu ma'aunin yanka ke nan, wanda ya bi jikin mutum daidai. Sai ta ɗora a kan irin robar nan da masu haɗa takalma ke yin tafin silifas da ita, ta yanka da reza sabuwa, tana karkatar da bakin rezar in tana so mahaɗar ta yi kwana. Ta shafa gam a gefe biyu, ta jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ta haɗa, domin in ta yi gaggawa zai ɓalle. Ta gasa robar da zafi kaɗan ta lanƙwasa ta a kan gwiwa ko bayan kwano har ta huce a haka. Ta goge da samfefa, ta shafe da farin gam na kafintoci sau da yawa don kada robar ta shanye fenti, ta fesa baƙi, sannan ta ɗauko ruwan azurfa ta shafa sama-sama da busasshen buroshi a gefuna, sai ki rantse ƙarfe ne da ya sha yaƙi. In lokacin hunturu ne ga ƙura na neman manne wa ɗanyen fenti, in bazara ce ga zafin Maris da Afrilu na sassauta gam. Duk wannan ba a zo ga yadi ba tukuna, da shafi, da zif, da aikin wuya.

Yarinyar da ta iya wannan ta koyi awo, da lissafi, da zane, da haƙuri, da tattalin kuɗi. Ta san ta shiga Kasuwar Barci ta tono tsohon labule a cikin gwanjo ta mayar da shi alkyabba, ta san layin 'yan yadi a kasuwar Sheikh Gumi, wataƙila har Panteka ta leƙa neman waya da gwangwanin da za a lanƙwasa mata. Kaduna garin masaƙa ne tun da aka buɗe ta farko a Kakuri a 1957, kuma duk wanda ya ga yadda masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya ga matashi ya rungumi yadi da almakashi don kansa, dole ya ji sanyi a ransa. Wannan fasaha tana da kasuwa: fim, tallace-tallace, wasannin makarantu, kayan amare. Ruth Carter, baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar a fannin sutura a 2019 saboda aikinta a fim ɗin Black Panther, daga suturar Afirka ta ɗebo, har da ta Buzaye da bargunan mutanen Lesotho. Masu shirya fim ɗinmu na Hausa kuwa kullum cikin neman wanda zai iya haɗa kayan zamanin da suke, kayan da ba za su yi kama da na ranar biki ba.

To amma damuwarki ba ta banza ba ce, kuma ba zan shafa miki mai a baki ba. Shigar jarumai mata da yawa a katun da wasannin kwamfuta tsiraici ce, an zana su ne don jan idon maza. Wannan gaskiya ne, kuma masu shirin talabijin sun fi son irinta. Sai dai ba dole ba ne a kwaikwayi zane yadda yake. A Malesiya da Indunusiya akwai 'yan mata Musulmi masu yawa da ke wannan harka cikin hijabi: su tsawaita riga, su sa wando a ciki, su naɗa mayafi mai launin gashin jarumar su ba shi siffarsa, ko gashin kanti ba sa buƙata. A fagen ana yaba wa wanda ya sake fasalin shiga da basira. Ki zauna da ita ku shata iyaka: abin da ba za ta fita da shi unguwa ba don bayyanar jiki, ba za ta yi hoto da shi ba. Ta kuma binciki ko wane ne take kwaikwaya, domin wasu jaruman gumaka ne ko aljanu a labarinsu, wasu kayan kuma ɗauke suke da alamun wani addini. Hukuncin irin waɗannan, da na mace ta yi shigar jarumi namiji, ku kai wa malamin da kuka amince da shi, ku je da hoton abin a hannu don ya ga takamaiman abin da ake tambaya.

Ki kuma kula da batun fata. Yawancin jaruman nan farare aka zana su, kuma baƙaƙen fata masu kosple sun sha gori a intanet cewa ba su dace ba, har wata Ba'amurkiya, Chaka Cumberbatch, ta faro gangamin nuna hotunan baƙaƙe masu wannan shiga a kowace rana ta watan Fabrairu, tun 2015. In kin ga man shafe-shafe ya fara shigowa ɗakin da sunan "don in yi kama da ita", a nan ki taka burki da ƙarfi. Ni da za ta ji tawa ma, da ta gwada namu: Sarauniya Amina da kwalkwali da lifidi na gaske, wanda ake cusa auduga tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki, ko Daurama, ko Gizo da Ƙoƙi. Wanda ya je taron Legas da aikin allurar Zariya a ƙirjin rigarsa ba zai ɓace cikin taro ba.

Akwai kuma abin da ya shafi Kaduna musamman. Garin soja ne, ga makarantar horar da hafsoshi, ga runduna ta ɗaya, ga sansanin sojan sama, ga shingayen bincike. Doka ta hana farar hula sa kakin soja ba da izini ba, kuma sojan da ke bakin shinge ba zai tsaya sauraron bayanin wasan kwamfuta ba. Kada ta ɗinka kaki mai dabbare-dabbare, kada ta ɗauki bindigar roba a titi ko cikin Keke Napep, kada ta rufe fuska a hanya. Takobin roba a naɗe shi cikin buhu, a sa kaya sai an isa wurin. Gam ɗin nan kuma ɗan'uwan sholisho ne, warinsa na bugarwa yana kuma cutar da ƙirji, don haka a tsakar gida za ta yi aikinsa, ba a ɗaki a rufe ba. Haka fentin feshi. Wajen hoto, su je a ƙungiya, da rana, da wani yayanta ko ƙaninta. Ko a Amurka sai da babban taron masu sha'awar katun na New York ya kafa alluna a 2014 yana gargaɗin cewa shigar mutum ba izini ba ce a taɓa shi ko a ɗauke shi hoto. Kuɗin kaya kuma ya fito daga abin da ta tara ko ta samu da ɗinki, ba daga kuɗin makaranta ba, kuma lokacin jarrabawa a rufe keke.

Saura gayyatar. Abu na farko, shekararta 19, ba ƙaramar yarinya ba ce. Saboda haka tsawa ba za ta yi aiki ba, lallashi da bayani ne za su yi. Ki nuna mata misalin jimlar nan da aka datse, za ta gane da wuri, don 'yan zamani sun fi mu sanin yadda ake yanka bidiyo.

Sannan ku tabbatar da su wane ne. Saƙo a Instagram ba shaida ba ne. Kamfani mai rajista yana da ofis da adireshi da ayyukan da ya yi a baya, ku nema ku kalla, ku kuma nemi wani da ya taɓa fitowa a shirinsu ku ji ta bakinsa. Duk wanda ya ce a biya kuɗin fom mai tsoka, ko a turo hotuna cikin wata irin shiga "don tantancewa", ko ta zo otal ita kaɗai, an gama magana.

In sun tsallake wannan, ku karɓi yarjejeniyar ku tafi da ita gida, in da hali lauya ya duba. Irin waɗannan takardu galibi suna ba kamfani ikon amfani da hoto da muryar mutum har abada, a kowace kafa, su tace yadda suka ga dama, wasu ma suna faɗa ƙarara cewa ana iya nuna mutum ta fuskar da ba zai so ba kuma ba shi da damar kai ƙara. Sukan kuma hana shi yin magana a kan abin da ya faru a bayan fage, wato in an yi mata irin ta mai guga, bakinta a ɗaure yake. Ku tambaya: wa ke zaɓar kayan da za ta sa, ita ko su? Za a shigo gida da kyamara? Kwana ake yi a can, kuma ina? An yarda wani nata ya raka ta? Wa ke biyan kuɗin yadi, kuma kayan da ta haɗa na wa ne bayan an gama? Za a yanka gajerun bidiyo a zuba a TikTok? Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau, domin a garinmu ba shirin awa guda ke bin yarinya ba, daƙiƙa ashirin ɗin da ke yawo a WhatsApp ne, kuma shi dangin mai neman aure za su tarar ranar da suka fito bincike.

Da wuya su yarda ta ga shirin kafin a fitar, manyan kamfanoni ba sa bayar da wannan dama. Amma ƙananan masu shiri na gida sau da yawa ana iya daidaitawa da su a rubuce a kan sutura, da rakiya, da cewa ba za a ɗauke ta a wurin canza kaya ko wurin barci ba. In kun amince ta je, ta riƙe abu uku: makirfo tana ɗaukar murya ko da an ce an tsaya, ba ta magana a kan wadda ba ta wurin, kuma in aka yi mata tambayar da ke ɗauke da zargi kada ta maimaita kalmomin tambayar, ta ce "aikin kowa ya yi kyau, ni ga abin da na yi" ta koma bayanin ɗinkinta. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa.

In kuma abin da take so shi ne a ga aikinta, ba sai ta bi ta hannun kowa ba. Wayar da ke hannunta ta isa. Ta kafa ta a saman tebur ta ɗauki hannuwanta suna yanka, suna liƙawa, suna fenti, ta rataya kayan a jikin mutum-mutumin tela ta nuna gaba da baya da cikin ɗinkin, ta yi bayani da Hausa, wanda masu yinsa a wannan fanni ba su da yawa. Ita ce mai ɗauka, ita ce mai tacewa, ke kuma ki gani kafin ta ɗora. Su kuwa masu gayyatar, ta rubuta musu yau ta ce a turo yarjejeniyar da sunan kamfani da adireshin ofis, kuma mahaifiyarta za ta zo tare da ita ranar ganawa. In suka ce ba a fita da takardar, ko suka ce sai ta sa hannu a yau don gurbi zai cika, ta yi musu godiya ta ce ba da ita ba.